Baba Zacchaeus da Motar Sama

Idan kana sauri, kada ka kuskura ka gai da Baba Zacchaeus a ƙofar gidansa da ke Yelwa, don kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya haye da kai dutsen Mambila. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar gwamnati, kuma in dai a bakinsa ne, babu wata kwana tsakanin Jalingo da Gembu da ba ta san ƙarar hon ɗinsa ba. Labarin da ya fi so shi ne na ranar da ya sauko daga dutsen ba birki, kwamishina yana barci a kujerar baya, bai farka ba sai a Serti. Da can kwamishina ɗaya ne a labarin. Zuwa bara sun zama uku, har da matar ɗayansu mai tsohon ciki.

Da ya yi ritaya, mutanen coci suka damƙa masa makullin motar zumuntar mata, wata farar bas mai kujera goma sha takwas. Shi ke kai su biki, shi ke kai su gaisuwar mutuwa, shi ke kai su taro. Makullin nan da igiyar takalmi ya ɗaure shi a bel ɗinsa, ko wanka zai shiga sai ya rataye bel ɗin inda zai riƙa hango shi. Mutane suna dariya, amma gaskiyar magana ita ce makullin ne ya hana Baba zama tsoho. Abokan aikinsa na da duk sun koma zaman gindin mangwaro, shi kuwa har yanzu akwai masu jiransa da safe.

Matsalar ita ce idon Baba ya yi nasa ritayar bai sanar da shi ba. A watan jiya ya ja da baya ya rushe bakin rijiyar coci, ya ce wani ne ya matso da rijiyar. Bayan sati biyu, a hanyar dawowa daga Iware, ya tsaya a bakin titi yana ta danna wa buhunan gawayi uku hon, yana faɗa wai su Mama su yi sauri su shigo rana na faɗuwa. Matan da ke cikin motar kuwa, daga nan har Jalingo waƙoƙin neman tsari kawai suka riƙa rerawa.

Ranar Litinin da la'asar sai ga Mama Lois, shugabar zumunta, tsohuwar hedimistires ce da har yau idan ta gyara murya manya ke gyara zama. Matar Baba, Mama Dokas, ta ba ta kujera da ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka yi maganar damina, sannan ta shiga abin da ya kawo ta.

"Baba, ba wai mun raina ka ba ne," in ji ta. "Hanyan Wukari da nisa, kuma mu goma sha takwas ne, kowa da jikoki a gida. Komiti ya ce Elvis zai kai mu taro ran Juma'a."

"Wane Elvis? Wanda ni na kai uwarsa asibiti ta haife shi? Ai duniyar ma ni na kawo shi a mota."

Mama Lois ta ce shi ɗin dai, kuma yanzu shekararsa ashirin da takwas, yana tuƙa motar haya, yana kuma cikin mawaƙan coci. Baba ya ce shekarun lasin ɗinsa sun girmi yaron da mahaifinsa idan an haɗa. Ta ce ba shekarun lasin ake magana ba, ido ake magana. Ya ce idonsa yana hango allura a gaɓar kogi. Ta ce to ya gaya mata launin ɗankwalin da ke kanta. Ya ce shi ba ya kallon matan mutane.

Duk wannan abin da ake yi, jikarsa Ƙauna tana kwance a tabarma da abin wasanta. Shekararta tara, 'yar Joan ce, babbar 'yar Baba da ke aiki a Abuja, an kawo ta hutu ne. Uwar ta haɗo ta da na'urar gem irin wadda ake riƙewa a hannu, ana kuma iya jona ta da talabijin. Tun da ta zo Baba ke jin ƙarar injin mota na fitowa daga abin, bai kula ba sai yau. Ya leƙa ya ga ashe tseren motoci ne. Nan take dabara ta faɗo masa, kuma Baba mutum ne da dabara ba ta kwana a cikinsa.

Ya ce tunda gardama ake yi a kan tuƙi, ga alƙali nan a hannun yarinya. A kira Elvis ran Alhamis bayan koyon waƙar zumunta, a jona abin da talabijin a tsakar gida, a kara a gaban kowa. Wanda ya ci, makulli nasa. Mama Dokas ta tuna masa cewa bai taɓa riƙe abin ba ko sau ɗaya. Ya ce Maman Joan ta bar maganar da ba ta sani ba, mota mota ce, ko a titi ko a gilashi.

Mama Lois ta auna maganar. Ta san yaran zamanin Elvis da irin wannan wasa suka yi wayo, ta kuma san idan aka bi ta komiti Baba zai kai ƙara har wurin fasto. Sai ta ce ta yarda, da sharaɗin in ya sha kaye, da hannunsa zai kwance makullin. Baba ya ce ta fara shirya abin da za ta gaya wa uwar Elvis.

Washegari da safe aka fara atisaye. Baba ya ɗauko kujerar roba ya kafa a tsakar gida, ya gyara mata zama gaba da baya har sai da ta yi masa daidai, sannan ya ce wa Ƙauna, "Amaryata, kawo sitiyarin." Haka yake kiranta, ita kuma tana ce masa tsohon miji, irin wasan kaka da jika. Ta fara nuna masa wane maɓalli ne na gudu, wane ne na birki, ya ce ta adana iliminta, shi ya koya wa direbobi sha ɗaya aiki.

Tseren farko Baba ya yi shi cikin mutunci. Ya kama hannunsa na dama, ya ƙi wuce kowa a kwana, da wata saniyar zane ta leƙo gefen hanya ya tsaya cak ya jira ta gama shawara. Motoci goma sha biyu ne, ya zo na goma sha biyu, kuma da ya iso har an gama kiɗan murna. Ya ce sauran duk 'yan iska ne marasa lasin, da a titin gaske ne da tuni an kama su. Ƙauna ta ce ai tsere ne, Kaka, gudu ake so. Ya ce da ta faɗa tun farko.

Tsere na biyu ya ba ta wuta. A kwanar farko jikinsa ya bi motar, kujerar roba ta ƙi bin sa, aka ji shi a ƙasa. Ya tashi ya ce ƙasar gidan ce ba ta daidaita ba. A tsere na uku ƙafarsa ta tuna aikinta na shekara talatin da huɗu, ta nemi birki ta samu kwanon kunun da Mama Dokas ta ajiye masa, kunu ya tafi ya samu kaji. A na huɗu zai sha kwana ya miƙa hannun hagu waje don ba da sigina, daidai lokacin da Mama Dokas ke wucewa da tiren gyaɗa. Abin da ta faɗa a ranar ba a koyar da shi a zumunta.

Hayaniyar ce ta jawo Alhaji Sada, maƙwabcinsa mai shagon kayan mota, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina. Shekara ashirin suna zama benci ɗaya, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan ƙarfe nawa. Ya tsaya a bayan Baba ya kalli motar tana faɗawa kogi, ana tsamo ta, tana sake faɗawa.

"Zakka, wannan mota kake tuƙawa ko kwalekwale?"

"Ina gwada zurfin ruwan ne. Direban kirki sai ya san hanyarsa."

"To ka sani yanzu. Sau shida ke nan."

Wajen azahar na'urar ta ɗauki zafi a hannunsa. Baba ya taɓa bayanta, ya girgiza kai irin na wanda ya gano ciwo, ya ce lagireto ne, ya ɗauko kofin ruwa yana neman inda ake zubawa. Ƙauna ta kurma ihu, Mama Dokas ta fizge kofin, Alhaji Sada ya riƙe ciki ya jingina da bango. Baba ya ce su ne ba su san inji ba, amma ya mayar da na'urar.

Ƙauna yarinya ce mai lissafi. Ta ga in dai Kaka bai ci ba, ba za ta sake ganin abin wasanta ba har hutu ya ƙare, in ma ya tsira daga ruwa ke nan. A cikin gem ɗin akwai wani tsari da aka yi don ƙananan yara 'yan shekara uku, idan aka kunna shi mota ke sarrafa kanta, ta sha kwana da kanta, ta ƙi faɗawa rami ko an tura ta. Ranar Laraba da safe kafin ta miƙa masa sai ta kunna shi, ta yi gum.

Abin mamaki, hannun Baba ya dawo. Ya zo na biyar, ya zo na uku, sannan ya zo na ɗaya, har da juyawa ya tambayi Mama Dokas ko shayi ya tafasa, mota na ta shan kwana ita kaɗai. Ya ce ai dama jiya motar ce ba ta gane wanda ya hau ta ba. Ya miƙa wa Ƙauna abinta ya ce atisaye ya ƙare, wanda ya iya ba ya yawan maimaitawa.

Sauran ranar a gari ya yi ta. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, ya hau keke-napep har unguwar Kachalla Sembe don kawai ya sanar da wani tsohon abokin aikinsa. Ya tsaya gidan su Elvis ya ba uwarsa haƙuri tun kafin abin ya faru, ya ce kada ta damu, bayan ya kayar da yaron zai ɗauke shi ya riƙa bin sa a mota yana koyo. Elvis, wanda yaro ne mai kunya, ya durƙusa ya ce shi da za a bar wannan gasa da ya fi masa. Baba ya shafa kansa ya ce tsoro ba laifi ba ne.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu gidan ya cika. Matan zumunta sun taho kai-tsaye daga koyon waƙa, da zanensu iri ɗaya, da tulun kiɗa da caki. Maƙwabta suka jeru a jikin katanga, yara suka haye mangwaro. Alhaji Sada ya kawo janaretonsa da babban talabijin ɗin shagonsa, ya ce ko kyauta aka ce ya rufe shago yau zai rufe. Baba ya fito cikin tsohon kakinsa na aiki, wanda maɓallin cikinsa ke riƙe da numfashi, makulli na lilo a ƙugu.

Elvis ne ya jona wayoyi, don shi ya iya. Ya kunna da abin riƙewa na farko, wanda yara ke kira fad, ya miƙa wa Baba na biyun da hannu biyu. Ya ce akwai tambaya a allo, a bar musu taimako ko a cire. Baba ya juya ya kalli jama'a don kowa ya shaida.

"Taimako? Ni Zacchaeus? A cire shi, a kai wa mabuƙata."

Ƙauna ta dafe kai.

Sai allon ya rabu biyu, jar mota a sama, koriya a ƙasa. Baba bai taɓa ganin haka ba, don duk atisayensa shi kaɗai ya yi a ƙaramin gilashi. Amma bai ga abin tambaya ba. A coci dattawa ke zama gaba, a biki su ake fara zuba wa abinci, a mota babba ke gidan gaba. Ko Bature ne ya ƙera abin, ai ya san ba a ɗora yaro a kan babba. Ya nuna rabin sama da leɓe ya ce wa mata su zuba ido a can.

"Kaka, kai ne na ƙasa," in ji Ƙauna.

Gida ya ɗauki dariya. Kowa ya san jika ba ta da aiki sai zolayar kaka, ta ce masa mummuna, ta ce masa rago, ba wanda ke ɗauka da gaske. Wata Mama ta ce amarya ta fara kishi tun ba a tashi ba. Baba ya ce in ya ci zai sake ta ya auro mai ladabi. Ƙauna ta sake faɗa, aka sake dariya, ta naɗe hannu ta zauna. Elvis kuwa ya sani sarai, amma ina bakin da zai gyara wa dattijo magana a gaban mata goma sha takwas? Ya sunkuyar da kai ya ce a ransa Baba zai gane da kansa idan aka tashi.

Baba bai gane ba. Aka buga ƙararrawa, jar mota ta fita fit, ta wuce uku a miƙe, ta sha kwanar farko ko ƙura ba ta tayar ba. Mata suka rangaɗa guɗa, aka fara buga tulu. Baba yana danna duk maɓallin da yatsa ya samu, yana karkata hagu da dama, yana bayani. Ya ce su lura da yadda ya shiga kwanar nan, haka ya yi a Mambila. Ya ce wannan tsallaken gadar ba a koyar da shi a makaranta. Idan motar ta yi dama alhali shi hagu ya danna, sai ya ce mota mai hankali ke nan, ta san nufin direbanta.

A ƙasa kuwa koriyar mota ta fara da baya. Ta daki katanga, ta juya ta daki wata, ta shiga gonar wani abu mai kama da kabeji ta yi ta zagaye. Da ta samu hanya sai ta kama ta a juye, tana fuskantar masu zuwa, wata alama tana ta walƙiya a kanta. Daga nan ta gangara kogi.

Da Baba ya bar abin a nan, da wataƙila an rufa masa asiri. Amma da ya ga jar mota ta yi nisa, sai ya samu sukunin leƙa ƙasa, abin da ya gani kuma ya yi masa daɗi har cikin rai.

"Elvis, ɗana, wa ya ba ka lasin?"

"Baba..."

"Kada ka ce komai. Mama Lois, dubi wanda kuke so ya kai ku Wukari. Wannan ko baro aka ba shi sai ya kashe mutum. Dubi, ya sake shiga ruwa. Makaho ne? Ko Iware ba za ku kai ba."

Matan suka fara kallon Elvis da tausayi, uwarsa ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska. Alhaji Sada ne kaɗai ya daina kallon talabijin, ya koma kallon yatsun mutanen biyu, yana murmushin da bai yi wa kowa bayaninsa ba. Baba ya ƙara zaƙewa. Ya ce shi ba don makulli yake magana ba, don rayuka yake magana, su yi masa alkawari yanzu a gabansa cewa duk wuya ba za su taɓa shiga motar mai wannan tuƙi ba. Mata suka ce sun yi. Ya ce bai ji ba. Suka ɗaga murya suka ce sun yi alkawari, har da masu ɗaga hannu.

Zagaye na uku ya zo ƙarshe, jar mota ta hango layin gamawa. A nan kunyar Elvis ta yi masa yawa. Ya ga bai kamata a ce ya gama alhali dattijo ko zagaye ɗaya bai kammala ba, gara ya jira Baba ya ɗan matso, a ce da ƙyar aka ci. Sai ya taka birki taku kaɗan kafin layi, ya ajiye fad ɗin a gwiwarsa, ya haɗa hannuwa.

Jar mota ta tsaya cak. Baba ya danna, ba ta motsa ba. Ya ƙara dannawa da yatsa biyu. Ya ce mai ne ya ƙare, wa ya sha masa mai? Ya hura fad ɗin, ya buga shi a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne. Masu tulu suka sassauta. Jar mota dai tana tsaye, koriya kuwa a ƙasa sai tsalle take yi tana dukan wata bishiya, ga Elvis zaune hannuwansa a haɗe kowa na gani.

Mama Dokas ce ta fara magana, a hankali. "Baban Joan, ɗaga hannunka tukuna."

Ya ɗaga. Koriyar mota ta tsaya.

"Danna."

Ya danna. Koriya ta ruga ta rungumi bishiyar.

"Sake ɗagawa."

Bai sake ba, amma ba a buƙata. Sai wata Mama a baya ta yi ƙoƙarin mayar da dariyarta tari, abin ya ƙi, ya fito ta hanci. Shi ke nan aka ɓalle. Mai tulu ta kifa kai a kan tulunta, uwar Elvis ta sauke ɗankwali tana share hawaye, wani yaro ya kusa faɗowa daga mangwaro. Ƙauna ba ta yi dariya ba, ta dai ce ai ta faɗa sau biyu.

Baba ya miƙe ya ce an kifa talabijin ne, Sada ne ya ɗora shi kai a ƙasa da gangan. Alhaji Sada ya ce in an kifa shi, ya aka yi bishiyar da yake ta duka take tsaye da ganyenta a sama? Baba ya ce to fad ɗin aka musanya masa. Elvis ya ce cikin ladabi wanda ya ba shi tun farko ne. Baba ya ce a sake, wannan gwaji ne. Mama Lois ta gyara murya, dariya ta ɗauke.

"Baba, ko an sake ba mu da yadda za mu yi. Kai ka sa mu alkawari, har sau biyu, da hannu a sama. Mu matan zumunta ba mu karya alkawari."

Baba ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, matan da ya kai biki ya kai makoki shekara da shekaru, ya ga ba mugunta a ciki, amma ba mai niyyar shiga motarsa. Abin ya soke shi ƙwarai, fiye da dariyar. Ya juya ga talabijin, jar mota na nan tsaye a gaban layi tana jiransa.

"Kai yaro," ya ce, "direba ba ya tsayawa a tsakiyar titi. Ƙarasa."

Elvis ya taɓa maɓalli, mota ta tsallaka, kiɗan murna ya tashi shi kaɗai ba mai tayawa. Baba ya kama igiyar takalmin zai kwance, ƙullin shekara shida ya ƙi. Ya ja, ya murɗa, ya sa farce, yana lalube don ba ya ganin bakin zaren. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Da ƙyar ya kwance, ya miƙa wa Elvis, yaron ya karɓa a durƙushe. Baba ya ce masa giya ta biyu tana zamewa idan an hau tudu, ya riƙa riƙe ta da hannu, kuma ƙofar baya sai an ɗaga ta sama kaɗan take rufuwa. Daga nan ya sanar da jama'a cewa dama ya daɗe yana neman wanda zai saukar masa da wannan wahala. Alhaji Sada ya buɗe baki zai ba da amsa, ya fasa, ya je ya kashe janareto.

Ranar Juma'a Baba ya tashi da asuba yadda ya saba. Ya yi wanka, ya sa riga, ya ɗaura takalmi, sai da ya kai ƙofar gida sannan ya tuna ba inda za shi. Mama Dokas ta fito da jakarta da zanen zumunta, ta gaya masa inda ta ajiye miya, ta kama hanyar coci a ƙafa. Ya zauna a benci. Can Ƙauna ta fito tana murza ido, ta zauna kusa da shi.

Wajen ƙarfe shida suka ji waƙar mata tana tahowa ta babban titi. Bas ɗin ba ta ratsa layinsu, amma daidai bakin kwana aka danna hon sau biyu, gajeru, na gaisuwa. Baba ya ɗaga hannu, ko da yake ba mai ganinsa daga can. Ya karkata kai yana bin ƙarar injin.

"Kin ji ko, amaryata? Ya makara da sa giya ta uku."

Ƙauna ta ce ita ba ta ji komai ba. Ya ce ta yi shiru, ba su yi nisa ba tukuna, har yanzu yana jin su.